Foldar Yaya a Kwamfutar Bakin Taga

Litinin, 3 ga Maris
Oga ya ba sabon mai zane teburin Yaya, babbar 'yar'uwata da muke aiki tare. Wata biyu da rasuwarta. Ni ce mai kula da kwamfutocin ofis, ni na kunna masa. Foldarta na nan a allo, alhali tuni Oga ya sa na ɗauke ta daga babbar kwamfutar da muke ajiye zanen gine-gine. Wannan ta bakin taga tsohon kwafin da ta adana take nunawa, ba ta komawa ta duba sabo. Gyaran ba wuya: in share ajiyarta ta wucin gadi, in sake haɗa ta. Sai dai sunan Yaya zai tafi. Na ce gobe.

Talata, 4 ga Maris
Ban yi ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Sabon mai zanen ya ce, "Hajiya, zanen da nake buɗewa kamar ba shi injiniyanmu ya gyara ba." Na ce ya sake buɗewa. Ko ido ban ɗaga ba. Da suka fita cin abinci na je na zauna a kujerar, ina kallon sunan kamar wata sakara.

Asabar, 8 ga Maris
An haƙa tushen asibitin da muke ginawa da tsohon zane. Sai an cike an sake. Oga ya yi wa mai zanen tatas a gabanmu, har da "makaho ne kai?" Bawan Allah sai haƙuri yake bayarwa, hularsa a hannu, ga furfura. Ya girmi Oga. Ina tsaye riƙe da waya, na bar laifina a kansa. A gida Umma ta ce me ya same ni, na ce ciwon kai.

Litinin, 10 ga Maris
Na faɗa wa Oga. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Je ki gaya masa da bakinki."
Na je na gaya masa. Ya miƙe ya ba ni kujerar. "Zauna, 'yata. In fita ne?" Na ce a'a, ya tsaya.
Na share, na haɗa. Sabon zane ya fito. Foldar babu.

Laraba, 12 ga Maris
Na bi sauran kwamfutocin, na sa su riƙa duba babbar kafin su nuna fayil. Wani ya zo neman mai zane, na ce yana teburinsa, bakin taga. Sai da mutumin ya wuce na ji abin da na faɗa.