Cigiyar Kawu Isa

Zuwa ga Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya jikin naki, yaya Abban yara da su Ummi? Yaya zaman Fatakwal? Allah ya sa kuna lafiya.

Yaya, an ga Kawu Isa, amma yana asibiti, ba ya gane kowa. Kin san mantuwarsa ta ƙaru. Da ya fita daga gida a Badarawa bai dawo ba, sai na rubuta cigiya a intanet. Don ruɗewa na zuba komai a dunƙule: tarihinsa, ciwonsa, roƙon jama'a, lambar wayata kuma can ƙarshe. Ba wanda ya kira.

Maƙwabciyarmu Rifkatu, mai kula da shafin ofishinsu, ta duba ta ce, "Maman Sadiƙ, mutane ba sa karanta dogon rubutu a waya. Sa hotonsa a sama, sai suna, kayan jikinsa da lamba, kowanne a layinsa."

Muka gyara. Kafin la'asar wani mai shayi a Abakpa ya kira. Ya ce Kawu ya kwana biyu a bakin rumfarsa, ruwa na dukansa. Ya ma ga cigiyar farko, amma da ya ga tsawonta sai ya wuce. Yanzu sanyi ya kama ƙirjin Kawu, likita kuma bai faɗa mana mai daɗi ba.

In da hali ki taho, kada ki jira. Ki sa shi a addu'a, ki gaida mutanen gida.

Ƙanwarki,
Binta