Na Gyara Mata Hausa

Wadata, Yamai, 3 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Indo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin Inna, yaya zafin Damagaram? Ni lafiya lau.

Albishirinki! Makarantarmu ta buɗe bulog, wani shafi a intanet inda ɗalibai ke sa labarin aji, na wasanni da na ɗakin kwana. Ni aka ba ɓangaren Hausa, in gyara rubutu kafin ya fita. Dariya nake sha da rubutun Balkissa, abokiyar ɗakina. Bazabarma ce, mace ta zama "ya", namiji ya zama "ta".

Sai dai shekaranjiya ta kawo mini wani marar daɗi, kan tankin ruwanmu da ya yi kore, har 'yan mata bakwai sun kwanta da gudawa. Ba ta sa suna ba. Na ce wannan Hausar ai ko makaho ya gane mai ita, na zauna na wanke ta tas, na saki.

Taki,
Mariyama

11 ga Mayu

Yaya Indo,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ni kam hankalina a tashe yake.

Iyaye sun karanta, sun cika ƙofar makaranta. An wanke tankin, amma an rufe bulog ɗin. Tun ranar malamai ba sa amsa gaisuwata da kyau.

Jiya darakta ya kira ni biro, wato ofishinsa. Bai ɗaga murya ba, wallahi gara a ce ya yi faɗa. Ya yaba Hausar rubutun, ya ce irin wannan sai 'yar Damagaram. Ya ce in ba ni ba ce, in faɗi mai shi, ko a kore ni. Saura sati uku jarrabawar ƙarshe, Yaya! Shekara uku ina wannan wahala.

Balkissa ba ta sani ba. Ita kaɗai ce ta yi karatu a gidansu, kuma gaskiya ta faɗa. Ɗazu tana yi mini kitso tana waƙa, na kasa haɗa ido da ita a madubi. Tsoro nake ji ƙwarai.

Darakta ya ba ni zuwa Litinin. Kada ki gaya wa Inna tukuna. Ki dai share mini ɗakina.

Ƙanwarki,
Mariyama