Ƙwaryar da Ka Kifar

Zuwa ga mahaifina, Malam Duba-gari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uba, ina fatan Allah Ya yalwata maka makwanci.

Baba, jikata ce ta sa na ɗauki alƙalami. Gudawa ta kama ta bayan ta sha magani mai ƙarfi. Likita ta ce a hanjin kowa akwai ƙananan halittu masu tsare jiki daga cuta, maganin ya share su, a riƙa ba ta kindirmo mai tsabta su dawo. Na yi ta dariya har likitar ta tsorata.

Ka tuna Kaduna lokacin naira tana sabuwa? Kakinka na duba-gari a goge, kana zaga Rafin Guza kana leƙa randunan mutane. Masu tallar nono in sun hango hularka sai kowacce ta yi ta kanta.

Gidanmu na Unguwar Sarki ma bai tsira ba. Kullum cewa kake, "Cikin yaro randa ne, sai da wanki." Ranar Asabar mu yi layi, ka toshe mana hanci ka ɗura mana maganin wankin ciki, ka bi da kafso, ko da lafiyarmu ƙalau.

Bilki, autarmu, ta tashi daga ƙyanda kamar tsinke. Ba abin da take roƙo sai kindirmo. Inna ta saya a ɓoye, ta tura ƙarƙashin gado. Ina za a ɓoye wa hancin duba-gari? Ka kifar da ƙwaryar a kwata, yarinyar tana miƙa hannu. Ka ce, "Gidana ba ruga ba ne." Sannan ka wanke mata ciki, wai saboda ɗan abin da ta riga ta lasa.

Daga nan ko ruwa cikinta bai ƙara riƙewa ba, har rai ya yi halinsa. Ana dawowa daga maƙabarta ka sa aka wanke ɗakin da magani.

Ban ce kindirmo yana hana ajali ba. Amma da ta tafi da ɗanɗanonsa a baki.

Da ka tsufa haƙora suka zube, ba ka iya cin komai sai fura da nono. Ni na riƙa dama maka, kana sha kana lumshe ido, ban taɓa ambata maka Bilki ba. Ina ƙaunarka, Baba, kuma shi ya fi ci mini rai.

Allah Ya sa Bilki mai ceto ce. Kai kuma Allah Ya gafarta maka, kada Ya leƙa randarka yadda ka leƙa ta mutane.

'Yarka,
Talatu