Motar da Ko Tari Ba Ta Yi

Ƙanena,

Ina gaisuwa. Yaya jikin Inna, da ƙafar Baba? Ka shafa min kan yara.

Na ga saƙonka na taya murna. Kowa haka yake zato, wai tunda kamfaninmu ya sanar da sabuwar mota mai lantarki, kakarmu ta yanke saƙa. Motar kam ta yi kyau, ba ita jif ba, ba ita ƙaramar mota ba. Masu zuba jari suna ta wawar hannun jari, masu saye kuwa sun daina ko kallon motocin fetur, ita suke jira.

Ni lafiyata ƙalau, kada Inna ta damu. Sai dai an ce za a rufe ajin da nake koyar da gyaran inji. Jiya ina nuna wa ɗalibaina yadda ake ɗora sukundireba a kan inji a kara kunne, sai ɗayansu ya ce, "Malam, sabuwar nan fa ko tari ba ta yi, me za mu saurara?" Aka yi dariya, ni ma na yi.

Saboda haka maganar zuwanka koyo a wajena, ka dakata tukuna. Na roƙi manajanmu kada a rufe ajin, ya ce ba daga shi ba ne.

Kafin nan, ka tada tsohuwar motar Baba, ka kara kunne yadda na koya maka, ka rubuto min abin da ka ji. Ni a nan na kusa rasa mai tambayata.

Allah ya sada fuskokinmu da alheri.

Yayanka