Hannuna Ya Fara Rawa, Yafendo Kuma Tana Tafe

Baba Aƙilu, don Allah ka taimake ni da shawara, kuma da wuri, domin kwanakin da suka rage mini ba su kai goma sha biyar ba. Sunayen da za ka gani duk na canza su.

Shekarata hamsin da uku, ina zaune a unguwar Manawashi. Sana'ata zanen ƙwarya, irin na wuƙa mai zafi: a cusa wuƙaƙe cikin garwashi su yi ja, a zaro ɗaya a ja layi a bayan ƙwarya, ta huce a mayar a zaro wata. Wajen Dada mahaifiyata na koya, ita ma wajen tata uwar. Wuƙaƙen bakwai ne, na kakata, ƙotar ɗaya har ta lotsa daidai inda babban yatsa ke zama.

A gidanmu akwai ƙa'ida biyu. Duk ƙwaryar da aka gama ana yi mata sawun zabuwa a gindi, kuma hannun da ya zana ta tun daga baki shi kaɗai ke yin sawun. Ta biyu, ranar da hannun mace ya gaza, babbar gida za ta zo a tsoma wuƙaƙen da zafinsu cikin nono a kashe su, a naɗe su a ba wata 'yar dangi, ita kuwa ba ta ƙara taɓa su. A gabana aka yi wa Dada. Ƙarar ƙarfen nan cikin nono har yau tana kunnena. Ba a yi shekara biyu ba ɓarin jikinta ya shanye.

To Baba, bara da damina hannuna na dama ya fara rawa. Da farko na ce gajiya ce. Yanzu ko shayi na ɗauka sai na tallafe da hagu. Babban layi ina iya ja, amma ƙananan nan masu kama da gashi, waɗanda su ne kwalliyar aikin, sun gagare ni.

Akwai wata baiwar Allah, Hilda, 'yar unguwar Herwagana. Shekara bakwai da suka wuce ta zo sayen ƙore don bikin godiyar girbi na cocinsu, ta zauna tana kallona, ta dawo washegari, ta sake dawowa. 'Ya'yana mata biyu sun ce hayaƙi na sa su hawaye, ba wadda ta koya, sai na riƙa ba Hilda sakaina tana gwadawa. Yau hannunta ya kai nawa na da. Tun da rawar nan ta fara, ita ke jan ƙananan layuka, ni in cike wuraren da ake ƙonawa su yi baƙi, sannan in juya ƙwarya in yi sawun zabuwa kamar ni na yi duka. Sau biyu tana ce mini, Mama, gara mu faɗa, ina ce mata ta bari hannun ya warware tukuna.

Abin da ban lissafa ba shi ne Hilda bahaguwa ce. Layin wuƙa yana farawa da zurfi inda ƙarfe ya sauka da zafinsa, ya ƙare sama-sama. Nata daga ɗaya gefen yake tasowa. Ido ba ya gani, amma yatsa yana ji.

Yafendo Jumma, ƙanwar Dada, ita ce babbarmu yanzu. Tana unguwar Arawa, ta haura tamanin, yanar ido ta hana ta gani, da babban yatsa take duba ƙwarya. Watan jiya an yi suna a gidanta, na kai mata ƙoƙo kyauta, wallahi ban tuna da hannun Hilda a jikinsa ba. Ta jujjuya shi ta daɗe, ta shafa sawun da ke gindi, sannan ta ce ashe yanzu iskar Manawashi daga yamma take kaɗawa. Bayan mako ɗaya ta aiko wai in yi ƙore goma sha biyu na jeren jikarta Yusra, kuma ranar Asabar ta sama za ta zo da kanta ta zauna kusa da ni in zana ta farko, wai ta yi kewar ƙamshin ƙunar ƙwarya.

Baba, tun ranar abinci ba ya shiga. Ko ba ta gani, za ta ji yadda wuƙar ke tsayawa tana ci gaba. In aka kashe wuƙaƙen nan, ba mai zane a danginmu, akwati za su shiga su yi tsatsa, ni kuma in zauna jiran abin da ya sami Dada. Asibiti ma na kasa zuwa, kada a faɗa mini. Na yi tunanin tafiya ƙauye, na yi tunanin sallamar Hilda. Abin da ya fi ba ni tsoro, shekaranjiya na tsinci kaina ina kallon garwashi, ina cewa in na ɗora hannun a kai na naɗe da tsumma, ai Asabar za ta wuce. Yaya zan yi?

Mai Ƙwarya, Manawashi

*

'Yata Mai Ƙwarya,

Mu fara da garwashin. Kakata takan ba mu labarin wani mutum da wuta ta mutu a gidansa, ya je maƙwabta ya ɗebo, amma kunya ta hana shi a gan shi da ita a hanya, sai ya zuba a aljihu. Mu yara mukan tambaya, to sai me ya faru? Sai ta ce ai duk unguwa sun ga wutar, har da abin da wando ke rufewa. Kada ki ƙona hannunki. Yafendo za ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ɗaga zuwanta zuwa wata Asabar, ke kuma kin tashi da ciwo biyu.

Cikin makon nan ki je asibiti, Hilda ta raka ki. Ni ba likita ba ne, amma na ga masu rawar hannu da yawa, kuma ba hanya ɗaya suka bi ba. Wani magani ya kwantar masa, wani ya zauna da abinsa shekara ashirin yana cin tuwo da kansa. Abin da ya sami Dada ba takarda ba ce da aka rubuta da sunanki. In ma akwai abin da za a tare, da wuri ake tarewa.

Sai maganar da ba za ki so ba. Ƙa'idar sawun zabuwa tana da hankali: tsofaffinku sun so duk wanda ya juya ƙwarya ya san hannun wa ya saya. Shekara guda kina ɗora sawunki kan aikin wata. Kin zalunci masu saye kaɗan, kin zalunci Hilda da yawa, ita da ta rufa miki asiri. Na san tsoro ne ya kai ki, ba mugunta ba, amma a gyara. Ita kuwa ƙa'idar nono, waɗanda suka kafa ta sun yi ne lokacin da kowane ɗaki akwai yarinyar da ke jiran wuƙa. Ba su hango ranar da mai jiran za ta fito daga Herwagana ba.

Kina tsoron kada Yafendo ta gane. 'Yata, ta gane tun ranar suna. Tsohuwar da ta haura tamanin ba ta hawa a-daidaita-sahu daga Arawa zuwa Manawashi don shaƙar hayaƙi. Ki lura da abin da ba ta yi ba: ba ta tona ki gaban matan suna ba, ba ta tara dangi ba, ba ta aika a sayo nono ba. Ta ba ki kwanaki ne ki zo da bakinki. Af, sunayen da kika canza kuma, sannu da ƙoƙari, sai dai ban san mata nawa ne a Manawashi ke zanen ƙwarya da ƙawa bahaguwa ba, jikokin Yafendo kuwa suna karanta wannan shafin. Saboda haka ki hanzarta.

Kada ki jira Asabar. Ki zana ƙwarya ɗaya ke kaɗai, da rawar da komai, ki yi mata sawunki. Hilda ta zana ɗaya ita kaɗai, a bar gindin fari. Ki kai su Arawa, ki ɗora mata a cinya, ki faɗi komai kafin yatsanta ya faɗa. Ki roƙe ta a dakata da nono har likita ya yi magana, kuma a bar Hilda ta je maƙera a ƙera mata nata wuƙaƙen, ta zaɓi tata alamar.

Ba zan yi miki alkawarin za ta bar miki na kakarki ba. Tana iya karɓa, kuma zai yi zafi. Amma nono ƙarfe yake kashewa, abin da kika zuba a hannun Hilda shekara bakwai ba ya shiga akwati.

Allah ya ba ki lafiya, ya sanyaya zuciyar Yafendo, ya sa Yusra ta shiga ɗakinta da ƙoren da kowace ke ɗauke da alamar mai ita.

Baba Aƙilu