Ni Ma Na Zama Na Baya, Baba

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Garba mai facin keke na Tsamaye.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, tare da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ɗanka Bello ne yake rubuto maka daga wani kwari a tsaunukan arewacin Italiya. Na san babu wanda zai kai maka wannan takarda, shi ya sa na sa ta a shafina. Masu karantawa su yi haƙuri, yau da Babana nake magana.

Ka bar ni ina wanke kekuna a wani shagon haya a nan, har yanzu ina wurin. Aikin na watannin zafi ne kawai, takardar zamana kuma a kwanakin baya ta kusa ƙarewa, ba za a sabunta ta ba sai na nuna aiki tsayayye. Ka san halin gida. Tun da muka baro Tsamaye saboda rashin tsaro, Inna da ƙannena suna Sabon Birni, gonar geron nan taka ba ta shiguwa. Idan aka mayar da ni, ban san abin da za su ci ba.

Uwar ɗakina, Madam Klara, ta ce za ta ɗauki mutum ɗaya aiki na dindindin, wanda zai riƙa shiga gaban baƙi yana nuna masu hanya idan sun zo hawan tsauni. Mu uku muke so: ni da wani saurayi Marko, da wata yarinya Lena, su biyun duk a kwarin nan aka yanke masu cibiya. Ta ce mu gangaro mata ta hanya mafi wuya, ita za ta jira mu a ƙasa ta ga wanda zai fara isowa.

Baba, da ka ga keken da sai ka yi dariya har rawaninka ya kwance. Enduro suke ce da irin wannan hawa. Tayar ta kusa ta babur kauri, akwai shokazoba gaba da baya, birkin kuma da yatsa ɗaya ake taɓa shi. Amma babu kariyar ɗaura kaya, babu ƙararrawa, ko tiya ɗaya ta gero babu inda za ka ɗaura. Na san abin da za ka tambaya, wai to me ake ɗauka da shi. Ba a ɗaukar komai. Mutum ne kawai yake hawa can ƙololuwa don ya gangaro, gobe ma ya sake.

Da safen ranar gwajin, ina zaune a kujerar da waya take ja zuwa saman tsauni, ƙafafuna suna lilo a iska, sai na tuna ayarinku.

Ranar kasuwa kukan taru da kekuna, kowa da buhunansa, ku nufi cikin Nijar. Kullum kai ne na ƙarshe, da famfo da roba da gam a cikin tsohuwar jakarka. Yaran unguwa suna kirana ɗan na baya, ina jin haushi. Na taɓa tambayarka me ya sa ba ka wuce su, alhali ka fi su ƙarfin ƙafa. Ka ce, “Bello, in kowa ya yi gaba, wa za ya ga wanda yah hwaɗi?”

Na kuma tuna yadda ba ka taɓa wuce babba a kan keke ba. Ko da buhu biyu a kariya, ko a tsakiyar rairayi inda tashi yake da wuya, sai ka dire, ka gaisa, ka tura har ya ba da baya. Da ka fara koya mani hawa, kafin ka nuna mani birki abin da ka fara faɗa shi ne, “Keke ba ya sa ka girmi wanda yag girme ka. Sabka ka gaishe shi.”

A saman tsaunin iska tana yanka kunne, ga ƙanƙara fara fat a kan duwatsun da ke gefe. Marko ya fara tafiya, Lena ta bi shi, na gyara hular kwano na yi bisimilla.

Hanyar ba ta fi ta awaki faɗi ba. Tana ratsa itatuwa masu tsawo, saiwoyinsu a waje, jiƙe da raɓa, da ka taka birki a kansu taya ta zame. Daga nan sai duwatsu, wani a kan wani kamar matakalar da mahaukaci ya gina. Sai kwana mai tsini, dama da hagu, a gefe kuma rami ne wanda ban yarda na leƙa ba. Na ja jikina baya da sirdi, na saki hannu kaɗan, na bar keken yana rawa a ƙarƙashina. Kwazazzabon hanyar Kamarawa bayan ruwan sama ya koya mani wannan tun ina yaro. Wallahi Baba ina tafiya da kyau, har ina hango jar rigar Lena tsakanin itatuwa.

Sai na ji ƙararrawa. A nan shanu ne suke da ita a wuya. Na sha wata kwana, sai ga wani tsoho yana hawowa da sanda, farin gemu har ƙirji, ya koro shanunsa gefe ya raɓe jikin dutse don in wuce. Akwai hanya. Marko da Lena sun wuce shi, kuma a wurinsu ba laifi ba ne, shi kansa bai ɗauke shi komai ba.

Ban yi shawara da kaina ba. Kafin in tuna da Madam Klara da takardar zama, yatsuna sun kama birki, ƙafata tana ƙasa. Na sauka, na cire tabarau, na rusuna na gaishe shi da harshensu. Tsohon ya dube ni, ya dubi keken, ya zagaya yana neman inda ya lalace. Da ya ga babu, sai ya ɗaga hularsa kaɗan, ya yi wata magana da ban gane ba, ya bi shanunsa.

A kan irin waɗannan duwatsu, wanda ya tsaya ya tsaya ke nan, babu wurin sake ɗaukar gudu. Sai da na saɓa keken a kafaɗa na gangara da ƙafa har inda ƙasa ta ɗan kwanta. A wurin na ji haushinka, Baba, ba za ni ɓoye maka ba. Na ce ga shi ka tafi ka bar ni da ɗabi'ar da za ta hana Inna tuwo. Hawaye suka cika mani ido a cikin hular kwano.

Can ƙasa kusa da wani rafi na tarar da Lena zaune a kan dutse, gwiwarta tana jini, tayar baya ta yage. Tunda na riga na makara, babu abin da za ni yi wa sauri. Ka san ɗanka ba ya fita ba roba da gam. Na ɗaure mata gwiwa, na yi facin yadda kake yi, muka gangaro a hankali, tana gaba ina bin ta.

Marko ya samu aikin, kuma ya cancanta. Madam Klara ba ta yi mani kara ba, ta ce ko ban tsaya ba ba za ni kamo shi ba. Na yi mata godiya, na koma wurin wankina, na fara tunanin yadda za ni gaya wa Inna.

Bayan kwana biyu ta same ni ina goge sarƙa. Ta ce Lena ta ba ta labari. Ta ce duk shekara abin da yake hana ta barci shi ne baƙon da zai faɗi a baya, na gaba bai sani ba har sai an iso ƙasa. Tana neman wanda zai riƙa bin ayari daga ƙarshe da kayan gyara da na ɗaurin rauni, wanda tsayawa ba ta yi masa ciwo. Ta yi ta ba ni haƙuri wai aikin ba shi da suna, kullum ni ne za ni zo a ƙarshe. Na ɗaga mata kai na amince. An sabunta takardar, Baba.

Da na kira Inna na gaya mata, ta yi dariya har ta koma kuka. Ta ce, “Awo, ɗan na baya! Garba bai mutu ba.” Ta ce jakarka tana nan rataye a ɗakinta, famfon ma yana ciki.

Jiya na yi fitata ta farko. Wani mai ƙiba ya faɗi har ya gaji da faɗuwa, ya zauna a kan saiwa ya ce shi ya fasa. Na zauna kusa da shi, muka sha ruwa, muka tura kekunanmu tare. Muna isowa ƙasa sauran har sun ci abinci. Duk tsawon hanyar bayan mutane nake kallo, ina gane wanda ya gaji da wanda tsoro ya kama tun kafin su faɗa. Ashe abin da kake gani ke nan duk shekarun nan, ni ina gida ina jin haushin suna.

Ban samu na raka ka makwancinka ba, wannan yana nan yana ci na. Ina kewarka ƙwarai, Babana.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata maka kabarinka, Ya sa yadda ba ka taɓa barin kowa a hanya ba kai ma kada a bar ka a baya ranar da za a shiga Aljanna. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Gobir, mu koma Tsamaye mu share gonarka. Amin.

Ɗanka,
Bello, na baya.