Shekara Goma Sha Bakwai Ina Zaunar Da Mutane Bisa Takalminsu

An haifa mani jika! Mace ce, ga gashi cike da kai, ga murya kamar ta shugabar mawaƙa, uwarta kuma ta miƙe har tana cin abinci da hannunta. Ki gafarce ni, 'yata mai wannan fili na ba da shawara, ko gaishe ki ban yi ba. Sannu da aiki. Kwana goma sha tara ke nan duk wanda na gamu da shi sai na faɗa masa kafin in gaishe shi. Amma ba don a yi mani barka kaɗai na rubuto ba. Ki taimake ni, kaina ya ɗaure, kuma Lahadi biyu suka rage mani.

Ni mai gyaran takalmi ne. Rumfata tana jingine da bangon wani kantin kayan gini, shekara arba'in da ɗaya ina zaune a kan kujera guda da basilla da zare. Karatu sai da na haura hamsin na koya, a ajin yamma na manya da ake yi a ɗakin bayan cocinmu. In kin ga rubutun ya karkace, da hannuna na yi shi, ban yarda ɗana ya taɓa ba.

A coci ni ne mai tarbar jama'a a bakin ƙofa. Shekara goma sha bakwai ina rataya jan ƙyallen masu tarba a kafaɗa, ina nuna wa kowa wurin zama. Muna da kujeru masu katifa layi uku a gaba, ƙarƙashin fanka. Daga nan sai benci har bakin ƙofa, inda rana take shigowa tun ƙarfe goma, lasifika kuma ba ta kaiwa sosai. To ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Idan mutum ya shigo nakan sunkuya in gaishe shi, kowa yana cewa Baba akwai ladabi. Alhali takalminsa nake dubawa. Kallo ɗaya na san fatar gaske da robar da aka yi wa kamar fata, na san dunduniyar da ta sha ƙasa da wadda daga mota sai daɓen siminti. Riga ana iya aronta, amma da wuya takalmi ya ruɗe ni. Mai fata gaba, mai roba tsakiya, mai silifas baya. Har dattawa suna yabona, wai babban baƙo bai taɓa ɓacewa a hannuna ba. Ni kuwa na ɗauka wata baiwa ce Allah ya ba ni.

Akwai wani a cikinmu da ake kira Dogo, shi ke tura amalanken shara a unguwarmu. Takalminsa na roba ne mai dogon wuya, na dama da na hagu ma ba launinsu ɗaya ba. Shekara uku da suka wuce ya zo da wuri ya zauna a layi na uku. Can sai ga mai kantin magani, wanda ya saya wa coci kujerun nan, ya shigo da baƙi biyu. Na je na raɗa wa Dogo a kunne cewa ya ɗan koma baya. Ya tashi ba musu, mutane suna kallo. Tun ranar bai sake wuce bencin ƙarshe ba. Ni kuwa kafin a gama waƙar farko na manta da zancen.

Ranar haihuwar, wata Talata da hantsi, naƙuda ta zo wa matar ɗana da gardama. Mai kantin magani ne ya aiko motarsa ta kai ta asibiti, wannan ba zan ɓoye masa ba. An sami yarinya lafiya, amma uwar ta zubar da jini da yawa. Likita ya ce a nemo mai ba da jini maza, kuma irin nata ba kowa ke da shi ba. Na ɗana bai dace ba. Ni aka ce na tsufa, ga hawan jini. Ɗana ya tura saƙo ga 'yan coci ta waya. Amsa ta yi ta shigowa, sama da sittin, kowa yana cewa yana addu'a, wasu har da hoton hannuwa a haɗe. Mutum biyu suka zo da kansu, nasu bai dace ba.

Dogo ba shi da irin wayar nan. Ya biyo ta gaban rumfata ne ya gan ta a rufe da rana tsaka, abin da bai taɓa gani ba, sai ya tambayi mai kantin kayan gini. Ya bar amalankensa a ƙofar asibiti, ya wanke hannu har kafaɗa a famfon waje, ya shiga. Nasa ya dace. Da aka gama, ko lemon da na saya masa bai shanye ba, wai akwai layin gidaje biyu da bai kwashe ba.

Ina zaune a bencin asibiti sai wani abu ya faɗo mani a rai. A ajin yamma, ayar da malamarmu ta ba ni in gwada karatu a gaban jama'a, gargaɗi ne ga masu bi kada su fifita mai kaya masu kyau a kan matalauci a wurin sujada. Na karanta shi tiryan-tiryan ba tuntuɓe, aka tafa mani, na koma gida ina fahariya. Lahadin da ta biyo baya na rataya ƙyallena na ci gaba da duba takalmi. Shekara nawa ke nan! Haruffan na karanta, ban ga kaina a ciki ba.

Sai na ce zan gyara. Lahadin da ta wuce na juya abin gaba ɗaya: mai silifas gaba, mai fata baya. 'Yata, da kin ga abin da ya faru. Akwai wata tsohuwar shugabar makaranta, takalminta fata ne tun na da, kunnenta ya yi nauyi, mijinta ya rasu wata biyu ke nan. Na kai ta baya. Ba ta ji ko kalma ɗaya ta wa'azi ba, na hango ta tana share ido da bakin gyale. Wata mai goyo kuma da na kai layin farko, sau uku ɗanta yana tsala kuka tana ratsa gaban fasto ta fita, da aka tashi ta ce da ni don Allah kada in sake yi mata wannan gatan. Mai kantin magani ya zauna a rana, matarsa kuwa har yau ba ta amsa gaisuwata. Dogo kuwa, wanda dominsa na yi duk wannan, ya ƙi motsawa. Ya yi dariya ya ce in ya zauna gaba na bayansa ba za su ga fasto ba. Da na matsa masa, sai ya daina dariyar, ya ce shi jini ya bayar, ba kujera ya saya ba.

Na dawo gida ina neman mai lallashina, tsohuwata, uwar 'ya'yana, ta ƙara mani. Ta ce wai malam mai ajin yamma, jiya takalmi kake kallo, yau ma takalmi kake kallo, kifa shi kawai ka yi. Ta kuma tambaye ni, da jinin Dogo bai dace ba fa, a ina zan zaunar da shi? Ta ci gaba da ninke kayan jaririya.

Shekaranjiya shugaban dattawa ya zo rumfata. Cikin girmamawa ya ce ko dai in koma yadda na saba, ko in miƙa jan ƙyallen kafin Lahadin da za mu kai jaririya coci a yi godiya, don ranar za a yi baƙi da surukai, ba a son hargitsi. Yadda na saba ba zan iya ba, don yanzu na san zunubi ne. Yadda na juya kuma na ga ɓarnarsa da idona. In na ajiye aikin, ba gudu na yi ba? In na riƙe, ta yaya zan hana idona abin da ya yi shekara arba'in yana yi? Mutanen da suka aiko addu'a, in ji haushinsu ko in gode musu? Shi Dogo kuma, ina zan sa shi ranar godiya? Ina cikin murnar da ban taɓa irinta ba, amma abinci ya ƙi shiga.

Ki ba ni amsa da wuri. Kuma ke da duk masu karanta wannan fili, ƙofata a buɗe take, ku zo ku ga yarinyar nan. Hancina ta ɗauko sak, kome tsohuwata za ta ce.

Kakan jaririya, mai gyaran takalmi

AMSA

Baba, barka, barka dai! Allah ya raya ta, ya ƙara wa uwarta lafiya. Rubutunka kuma bai karkace ba, na karanta shi sau biyu.

Kada ka miƙa ƙyallen tukuna, kada kuma ka koma yadda ka saba. Mama ta faɗi gaskiya, ko da yake ta faɗe ta da zafi: hanya biyun da ka gwada duk abu ɗaya ne. Ubangijinmu bai ce a mayar da mai hali baya don a rama wa matalauci ba. Abin da ya koya mana shi ne a ƙaunaci kowa ba tare da an auna shi ba. Mai kantin magani ya ba da motarsa ranar da kuke bukata, shi ma bangaskiyarsa ta yi aiki. Ka je ka gode masa, ka ba matarsa haƙuri. Tsohuwar shugabar makaranta ma tana jiran naka haƙurin, ita ce ta fi cutuwa.

Amma ka fara da Dogo. Ba kujera yake bukata daga gare ka ba, kuma ya gaya maka. Na lura a duk wasiƙarka ba ka ce ka taɓa roƙonsa gafarar ranar da ka tashe shi ba. Kai ka manta kafin a gama waƙa, shi kuwa shekara uku yana zaune a kan abin. Ka same shi ku biyu, ba a gaban jama'a ba, ka ambaci ranar, ka ce ka yi laifi. Ka nuna masa laifi ne ko da bai taɓa ba da ɗigon jini ba. Ranar godiya ka gayyace shi kamar ɗan gida, ka bar shi ya zauna inda ransa yake so. In ka ja shi gaba ƙarfi da yaji don mutane su ga ka tuba, ka sake amfani da shi ke nan don gyara naka sunan.

Masu addu'a kuwa, kada ka riƙe su a zuciya. Wasu suna nesa, wasu kamarka suke, ba za a karɓi jininsu ba. Gaskiya ne addu'ar da mai ita zai iya tashi ya taimaka amma ya ƙi tana da saura. Sai dai wannan tsakaninsu da Allah ne, ba aikin mai tsaron ƙofa ba.

Kafin Lahadi ka je wurin shugaban dattawa tare da Mama, ka faɗa masa abin da ka faɗa mani. Suna yabonka ba su san ma'aunin da kake aiki da shi ba, ko kuwa sun sani sun kau da kai. Ka kai masa shawara a hannu: a ware layin farko don masu nauyin kunne da tsofaffi da marasa lafiya, ko me suka sa a ƙafa, sauran wurare kuma wanda ya riga zuwa ya zaɓa. Kai kuma ka riƙa tambayar mai shigowa inda zai fi jin daɗin zama. Wanda yake jiran amsa, fuska yake kallo. Idonka zai riƙa zamewa ƙasa na wani lokaci, wannan ba zunubi ba ne muddin hannunka bai bi shi ba. Ka roƙi a sa labule a ƙofa da ƙarin lasifika a baya, don bencin ƙarshe ya daina zama horo. In bayan duk wannan dattawa suka nace sai tsohon tsari, to ka miƙa ƙyallen cikin salama, ka faɗi dalilinka. Wannan ba gudu ba ne. Amma ina zaton ba za a kai nan ba.

Ranar godiyar kanta, ka ɗauki hutu. Ran nan kai kaka ne. Ka bari wani ya tsaya a ƙofa, ka shigo tare da iyalinka kamar kowa, ka jira a nuna maka wuri, ka zauna inda aka nuna maka ba tare da ka gyara masa ba. Shekara goma sha bakwai ba ka taɓa tsayawa a wancan gefen ba, ya kamata ka ji yadda zuciya take yi a wannan ɗan jiran.

Ka ci abinci, Baba. Ka gaishe mani da Mama da mai jego. Allah ya ba ka ƙarfin zuwa wurin Dogo tun gobe, ya sa yarinyar nan ta tashi a cocin da ba za ta taɓa jin tsoron shiga ba.